Kamfanin da ke yawan yi wa motocinsa kiranye, a guje shi ne ko kuwa?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masana mota ina neman haske. Na ɗan jima ina tara kuɗi zan canza mota, ta hannu nake nema ba sabuwa ba, kuma ni tun tasowata abin da nake ji shi ne ka sayi ta Japan ka kwanta ka yi barcinka. To shekaranjiya ina ɗan bincike a intanet sai na ci karo da labarin Toyota sun kira motoci sama da dubu 100 a 2024, Tundra da Lexus LX, wai an bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin inji tun daga masana'anta har sai da suka ce injin za su canza gaba ɗaya. Wallahi jikina ya yi sanyi. Da na ƙara dubawa sai na ga ashe ba wanda ya tsira, Honda ne, Ford ne, Hyundai, har su BMW da Benz kowa da nasa jerin.

Tambayata, wannan kiranyen da suke cewa rikol, inda kamfani ke cewa a dawo da mota a gyara mata wata matsala, shi ne ma'aunin ingancin mota? Wato in ƙirga wanda ya fi ƙarancinsa in saya kawai? Ko akwai abin da ban gane ba. Na gode.

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kar ka bi ƙirgen nan, zai kai ka ya baro. Kiranye daban, ƙarkon mota daban. Doka ba ta tilasta wa kamfani ya kira mota sai in matsalar ta shafi rai, birki, sitiyari, gobara, jakar iska da makamantansu, ko kuma in motar ta saɓa ƙa'idar hayaƙi. Amma abin da zai cinye maka aljihu, inji mai shan baƙin mai ko giya mai zamewa ko esi da ba ta shekara biyu, wannan galibi ba ya shiga jerin kiranye ko kaɗan, sai dai su turo wa dilolinsu takarda a ce in mai mota ya kawo ƙorafi ga yadda za a yi.

Misali Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE, duniya ta san yana shan baƙin mai saboda ringin fiston, amma ba a yi masa kiranye ba, wa'adin garanti kawai suka ƙara. In da jerin kiranye za ka duba sai ka ce lafiya lau ne. Haka giyar CVT da Nissan suka sa a su Altima da Sentra da Rogue, ƙorafi ya yi yawa har suka tsawaita garanti. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 da Fiesta masu giyar PowerShift kuwa sai da aka je kotu, mota tana karkarwa in za ta tashi kamar mai masassara, a Ostireliya ma a 2018 tarar dala miliyan 10 ta ƙasar aka ci su saboda yadda suka yi wa masu ƙorafi. Sannan injin Theta II na Hyundai da Kia, shi kam ya shiga kiranye tunda yana iya bugawa ana cikin gudu, a 2015 suka fara da Sonata ta 2011 da 2012 kusan dubu 470, ɓurɓushin ƙarfe ne yake toshe hanyar mai a karanshaf sai metal ya ci, inji ya yi nokin.

Ka ga kowane gida da nasa. Shi ya sa ni in mutum ya ce min "wane kamfani" sai in ce wane inji, wace giya, wace shekara. Kamfani ɗaya zai yi inji da za ka gaji da shi bai gaji da kai ba, shekara uku bayan nan ya fito da wani da zai mai da kai ɗan gidan gareji. Kuma shawara kyauta, kar ka sayi shekarar farko ta sabon yayi, bari su gama koyon aski a kan wasu tukuna, ka ɗauki ta shekara ta uku ko ta huɗu.

Injiniya_MB:

Oga bakanike ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi ta wani ɓangaren da mutane ba sa lura. Yawancin kayan da ke cikin motar ba kamfanin da tambarinsa ke gaba ne ya ƙera su ba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su Bosch da Denso da ZF da Aisin, suna sayar wa kowa. To in ɗaya ya yi kuskure sai ya shafi gidaje goma lokaci guda.

Babban misali shi ne Takata, kamfanin Japan mai yin jakar iska, eyabag ɗin nan. Sun yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret wajen hura jakar, shi kuma in ya daɗe yana shan zafi da laima sai ya lalace, ranar da aka yi karo maimakon ya hura jaka a tsanake sai ya fashe gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzai su yi fuskar direba da wuyansa. Abin da aka sa don ya cece ka shi zai kashe ka, karon da bai kai ya kawo ba. Honda suka fara kira a 2008 da motoci 'yan kaɗan, kafin a farga abu ya kai jakar iska wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanonin mota 19, Toyota, Nissan, BMW, Ford, Mazda, Subaru duk suna ciki. Sama da mutum 20 suka mutu a Amurka. A 2017 Takata suka amsa laifin sun murɗe sakamakon gwaji, tarar dala biliyan 1, a watan Yunin shekarar kamfanin ya durƙushe. To yanzu in ka ga an rubuta Subaru sun kira mota kaza saboda wannan, me ya gaya maka game da injin Subaru? Ba komai.

Ni abin da nake dubawa shi ne tsakanin ranar da kamfani ya sani da ranar da ya faɗa, wata nawa ne ko shekara nawa. Nan ake gane hali. Duba GM, wato General Motors na Amurka, a 2014, wurin makulli ne kawai a su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, sifirin ɗin ciki ba shi da ƙarfi, in ka rataya tarin makullai ko gwiwarka ta taɓa ko ka faɗa rami sai makulli ya juya mota ta mutu ana cikin gudu, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iska kuma ba za ta buɗe ba. Cikin kamfanin an san da matsalar kusan shekara 10, har a 2006 aka canza abin a ɓoye ba tare da an canza lambarsa ba, gyaran da bai kai dala 1 ba a kowace mota fa. Mota miliyan 2.6 aka kira daga baya, mutum 124 aka biya diyyar rayukansu, ga tarar dala miliyan 900 a 2015. A duk shekarun nan in da ƙirgen kiranye ka bi, Cobalt ba ta da wannan tabon, tsaf take a takarda.

Wani abu kuma, yanzu lissafin ma ya ƙara rikicewa saboda motoci sun zama kwamfuta mai taya. A Disambar 2023 Tesla sun yi kiranyen mota sama da miliyan 2 kan tsarin Autopilot mai taya direba tuƙi, amma ba wanda ya je gareji, ta intanet aka tura gyaran mota na fake a gida. Shi ma kiranye ɗaya ake ƙirga shi, canza inji sukutum shi ma ɗaya.

Sitiyari_77:

Duk na ji bayananku amma ni dai a bar ni da Toyota ta, hhh. Ba banza ba fa. A masana'antarsu ko ƙaramin ma'aikaci in ya ga kuskure akwai igiyar da zai ja, andon suke ce mata, in ba a warware ba layin ya tsaya. Ku nemi labarin NUMMI a Kalifoniya, masana'antar GM ce da aka rufe a 1982 don ta yi ƙaurin suna wajen aikin banza, 1984 Toyota suka shigo haɗin gwiwa suka ɗebi yawancin ma'aikatan nan dai na da, cikin ɗan lokaci motocin wurin suka zama cikin mafi inganci da GM ke da su. Mutane ɗaya, tsari ne ya canza. Baban Ilham ka rufe ido ka ɗauki Corolla kawai.

Maman_Hanif:

Malam Sitiyari a dai buɗe idon, ko da ɗaya ne. Ba wanda ya ce ba su iya ƙira ba, duk shekara in Consumer Reports, masu gwada kaya a Amurka, suka fitar da jerinsu na ƙarkon mota Toyota da Lexus suna can sama, wannan gaskiya ce. Amma ka manta 2009 da 2010? Mota wajen miliyan 9 a duniya kan totur, wani kafet ɗin ƙasa ne ke danne shi wani kuma totur ɗin ne ke maƙalewa, har Akio Toyoda da kansa ya je gaban majalisar Amurka a Fabrairun 2010 yana ba da haƙuri. Kuma a 2014 dala biliyan 1.2 suka biya, ba don totur ya maƙale ba, don sun ɓoye wa jama'a abin da suka sani. Sannan kwanan nan a Disambar 2023 Daihatsu, wanda na Toyota ne ɗari bisa ɗari, aka gano sun yi shekaru suna maguɗi a gwajin lafiyar mota, samfuri 64, sai da suka dakatar da fitar da mota gaba ɗaya. Ina igiyar take a lokacin?

Kuma kafin masoya Jamus su fara murna, Volkswagen a 2015 mota miliyan 11 masu dizal suka sa wa manhaja da ke gane ana gwajin hayaƙi sai ta natsu, in an hau titi ta koma halinta. Wannan ba kuskure ba ne, zama aka yi aka tsara.

Wani abin da zan ƙara wa mai tambaya, in za ka duba jerin J.D. Power, kamfanin da ke tattara ƙorafin masu mota, ka lura iri biyu ne. Akwai na kwana 90 na farko, wanda da yawa daga ƙorafin ciki irin su waya ta ƙi haɗuwa da allon mota ne, akwai kuma na mota mai shekara 3. Tunda ta hannu kake nema na biyun ya fi maka amfani, shi ma ɗin da sauƙi dai, don motar da za ka saya mai yiwuwa ta ninka hakan a shekaru.

Baban_Ilham:

Kai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Hajiya kin tsorata ni da kowa yanzu, hhh. To maganar jakar iskar nan ce ta tsaya min a rai, don motocin da nake dubawa duk na tsakanin 2008 zuwa 2013 ne. Ta yaya zan san an gyara wa wadda zan saya ko ba a gyara ba? Mai sayarwa dai na san cewa zai yi komai lafiya.

Injiniya_MB:

Shekarun da ka faɗa suna tsakiyar matsalar Takata kuwa, gara da ka tambaya. Ka ɗauki lambar chasis, wadda ake ce wa VIN, harafi da lamba 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka tabbata biyun sun zo ɗaya da ta takarda. Babu harafin I ko O ko Q a ciki, in ka ga kamar O to sifili ne. Na farko yana nuna inda aka haɗa motar, J Japan, K Koriya, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko. Na goma kuma a motocin kasuwar Amurka shi ne shekara, 8 na nufin 2008, 9 2009, A 2010, B 2011, haka dai, nan ma za ka kama wanda ya canza fitila da bamba ya ƙara wa mota shekaru.

In motar kasuwar Amurka aka yi wa, ka shiga shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da lafiyar motoci a hanya, ka zuba lambar, kyauta ne, zai nuna maka kiranyen da ba a riga an gyara ba. In ta Birtaniya ce shafin gwamnatinsu na da nasa, kuma yawancin kamfanonin suna da wurin duba VIN a shafinsu. Gyaran kiranye ba a biya a wurin dilan kamfani, amma in motar ta bar ƙasar da aka fara sayar da ita ka fara tambayar wakilin kamfanin na inda kake ko suna karɓa, kar ka ɗauka dole ne.

Tsohon_Bakanike:

Kuma in an ce maka "ai an canza eyabag ɗin" ka tambayi daga ina aka samo. In cirowa aka yi daga wata motar da ta yi hatsari to mai yiwuwa irin waccan ɗin ce dai aka mayar maka, ko ma wadda ta fi ta tsufa. Ka kunna makulli ka kalli dashbod, fitilar eyabag ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam to an cire ƙwan ne ko an liƙe ta, ka sa a jona kwamfuta kafin a yi maganar kuɗi. Turo min sunan motocin da kake dubawa da injin kowacce in gaya maka wacce zan fara buɗe wa bonet.