Me ƙarshen kaka yake nufi ga mutumin birni?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga iyaye da sauran 'yan'uwa. A cikin birnin Kano aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba, amma duk shekara idan watan Nuwamba ya raba, ruwa ya daɗe da ɗaukewa, iska ta fara bushewa, sai in ji jikina ya yi sanyi, zuciyata ta cika da tunanin da ban san mafarinsa ba. Manomi yana da dalilinsa, tun da ya ga abin da ya shuka ya shiga rumbu. To, mu da muke awon hatsi da kwano, me ƙarshen kaka yake nufi a gare mu? Ko kuwa ni kaɗai nake jin haka?

Dattijon Ƙofar Mazugal:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, kuma kada ka ɗauka kaka ta mutanen karkara ce su kaɗai, domin arzikin birnin nan da ita ya tashi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun daga lokacin gyaɗa ta zama abin da ake jira duk shekara. Ina yaro, a irin wannan lokaci ne muke tsayawa kallon leburori suna hawa dalar gyaɗa da buhu a ka, ɗaya na bin ɗaya, ƙura ta rufe musu gira, ana ta jera buhuna har sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya hango na ƙarshe. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, tare da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga noma, su suka kawo ƙarshen wannan. Amma ka je kasuwar Dawanau yanzu ka ga yadda manyan motoci suke sauke dawa da wake da riɗi, za ka gane cewa hada-hadar tana nan.

Gero ne yake fara shigowa tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, sai gyaɗa da wake, dawa kuwa ita ce ta ƙarshe, ba a yanke ta sai iska ta fara kaɗawa. Idan dawa ta shigo gida, a nan ne ake biyan bashin damina, a sa ranar auren da aka ɗage, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito fage. Ni a shekaruna, abin da lokacin yake jawo mini shi ne lissafin waɗanda muka ga kakar bara tare da su, bana kuma babu su. Shi ya sa idan na ji an ce Allah ya kai mu baɗi, nakan amsa da amin mai ƙarfi.

Uwargida daga Gwale:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai a wurina wannan lokaci na lissafin gida ne. Yanzu ne hatsi ya fi sauƙi, don haka duk abin da na tara a adashi nakan matsa wa maigida ya haɗa da nasa a sayi buhun dawa da na gero, in kuma shanya kuɓewa da barkono tun suna araha. Sai dai sauƙin ba ya daɗewa kamar da, saboda manyan 'yan kasuwa suna kwashe kayan tun daga kasuwannin ƙauye su kulle a ɗakunan ajiya sai bazara. Bayan wannan sai hidimar yara: dafa ruwan wanka tun da asuba, shafa musu man kaɗanya a leɓe da diddige don gudun faso, da zuwa Ƙofar Wambai neman rigunan sanyi na gwanjo kafin su yi tsada. Duk da wahalar ina son lokacin, ko don rake da sabon kunun gyaɗa.

Malamin makaranta daga Gwammaja:

Ɗan'uwa, ni fargaba ce take rigan komai zuwa zuciyata, domin ƙarshen kaka ƙofar hunturu ce. Iskar da take busowa daga arewa maso gabas tana ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta lulluɓe gari da hazo har a kasa hango Dutsen Dala daga nesa kaɗan, wani lokaci jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. A aji nakan ga bambancin tun makon farko: tari da mura su yi yawa, masu asma su daina zuwa. A daidai lokacin ne kuma 'yan cirani suke shigowa birni bayan sun gama aikin gona, wasu su kwana a rumfunan kasuwa, ga almajirai a soraye babu abin rufa, ga gobarar da jin ɗumi yake haddasawa. Wanda ya noma ya fitar da ushirinsa, wato ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi. Mu da ba mu da gona, tsohon bargo da rigar sanyin da yara suka fi ƙarfinta suna da masu buƙata a ƙofar gidajenmu.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar waɗanda aka rasa tsakanin bara da bana ta taɓa ni, ina jin ita ce kusa da abin da nake ji. Hajiya, ina so in sayi wake in ajiye bana. Buhun nan mai leda biyu a ciki ya isa ya hana ƙwari, ko sai an ƙara shanya shi tukuna?