Shawarar masu kiwon zuma ga sabon shiga

Masu kiwon zuma da suka tattauna a Mai Wurno sun ce mai farawa ya soma da amyar katako biyu. Idan ɗaya ta rasa sarauniya, sai ya ɗauko saƙa mai ƙwai daga ɗayar, ƙudan su reni sabuwa. Inuwa suka fi nanatawa, kuma da gaskiyarsu, don zafin Afrilu yana narkar da saƙa. A ajiye amya ƙarƙashin kurna, nesa da hanyar yara, a shafa wa ƙafafunta baƙin mai saboda tururuwa. A sa kwanon ruwa kusa, da tsakuwa a ciki kada ƙudan su nitse. Wanda ke dab da gonar auduga kuwa ya kawar da amyarsa kafin feshi.