Wane suna za mu ba submachine gun da Hausa?

1/ Jama'a, musamman masu fassarar labarai da malaman tarihi, ina so mu tsayar da suna ɗaya ga bindigar nan da Turawa ke kira submachine gun. Yanzu kowa abin da ya zo masa baki yake rubutawa, mai karatu ya rasa wacce ake nufi.

2/ A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun kafe cikin ramuka. Doguwar bindiga ba ta juyuwa a ƙuncin rami, mai jigida kuwa sai an haɗu ake ɗaukarta. Tun 1915 hukumar gwajin bindigogi ta Jamus da ke Spandau ta nemi makamin da soja ɗaya zai faɗa rami da shi. Aka gwada gyara fistol irin Luger da Mauser C96 don su riƙa zuba harsashi ba tsayawa, sai bakinsu ya dinga tashi sama, saiti ya gagara.

3/ Hugo Schmeisser, wani Bajamushe mai ƙera bindigogi, shi ne ya warware matsalar a masana'antar Theodor Bergmann da ke Suhl. Submachine gun ɗinsa mai suna MP 18 ta shiga fagen daga a 1918: gindinta na katako, bututunta cikin riga mai huji-huji don ya sha iska, nauyinta ya ɗan haura kilo 4. Harsashin fistol take ci, mai milimita 9, guda 32 cikin gidan harsashi mai siffar katantanwa da ake soka mata ta gefen hagu. Gidan nan aro ne daga Luger, lodinsa wahala, daga baya aka koma miƙaƙƙe.

4/ To, sunayen da ke yawo. "Mai jigida" kuskure ne, ba ta da jigida. "Mai sarrafa kanta" ya yi faɗi, har AK-47 yana ɗauka, alhali harsashin AK ya fi ƙarfi da cin nisa. "Ƙaramar bindiga" kuwa kowa fistol zai ji. Su Jamusawa Maschinenpistole suka ce, wato fistol mai inji, amma ni ban yarda a kira abin da ake kafawa a kafaɗa fistol ba.

5/ Shawarata: feshi-kusa, a irin ginin kalmar harbi-ka-ruga. Aikinta ke nan, feshin harsashi a ɗan taƙaitaccen zango. Ku gwada a jimla: "Jamusawa sun fara amfani da bindigar feshi-kusa a 1918." Jam'i, bindigogin feshi-kusa. Uzi da Sten da MP5 duk sun shiga ciki.

6/ 'Yan'uwa na Nijar da tsofaffin sojoji, in akwai sunan da kuke kiranta da shi a bariki, ku kawo mu auna shi da wannan.