Yadda mai larurar gani zai tura fayil zuwa saba cikin aminci

Ranar Asabar mun zauna mu biyar a wani shago a Farm Centre, kan matsalar wani ƙaninmu mai larurar gani da ke kula da shafin intanet. Da NVDA yake aiki, manhajar kyauta mai karanta masa allo, amma tura fayil zuwa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, na ba shi wahala.

Kowa ya yarda a rabu da FTP zalla, tsohuwar hanyar tura fayil, don kalmar sirri a fili take tafiya. A koma SFTP, hanyar da ke ɓoye bayanai yayin tafiya, ta ƙofar sadarwa (port) ta 22, da makullin SSH, wato makullin sirri na shiga saba.

Mutum uku sun zaɓi WinSCP, manhajar tura fayil, da sharaɗin a saita shi a fuskar Explorer mai ɓangare ɗaya, kada ya riƙa ɓata tsakanin ɓangarori biyu. An ambaci FileZilla, wata manhajar irinta, ba a daɗe a kanta ba.

Ni dai shawarar babban yayanmu ta fi kwanta min. Ya ce, "Ƙanina, umarnin sftp yana cikin Windows 10, rubutu ne zalla." Da umarnin put ake turawa, da get ake saukewa. In intanet ta yanke ana tsakiyar aiki, reput zai ɗora daga inda aka tsaya. Nan take ƙanin namu ya sa abin sauraro a kunne ya gwada, fayil ya wuce.