Binciken aikin gyaran jirgin sama a hanga: a fara da takardu ko da jirgin?

Sabon_Mai_Bincike:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Idan aka ba mutum kwana biyu ya binciki hangar da ke aiki a ƙarƙashin dokar Part-145 (dokar Turai da ke tsara aikin kamfanonin gyaran jiragen sama), ta ina ya kamata ya fara? Takardun tambayoyin da ake rabawa duk "akwai ko babu" ne, kuma kusan kowace hanga za ta ce akwai. Me ake dubawa a gane ko abin da aka sa wa hannu shi aka yi a jikin jirgi?

Injiniya_B1:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka fara da ofis. Zaɓi katin aiki guda ɗaya da ake kan yi, ka bi shi tun daga sito har zuwa sa hannun sallamar jirgi. Wannan kati ɗaya zai taɓo rabin dokar.

Tsaya gefen makanike ka tambaye shi wane shafi na littafin gyara yake bi. Duba lambar bugun da ke hannunsa, ka gwada da bugun ƙarshe na kamfanin da ya ƙera jirgin. Shafin da aka buga watanni baya aka ninke a aljihu laifi ne, ko da ba a canza komai a cikinsa ba, domin ba wanda ke sa ido a kansa. Daga nan ka ɗauki sifanar awon ɗauri da yake amfani da ita: lambar jikinta, ranar da wa'adin tantance ta zai ƙare, da ko an rubuta lambar a katin. Amfanin rubutawar shi ne, in aka kai ta gwaji aka samu ta kauce, za a iya komawa kan duk notin da ta ɗaure tun gwajin baya. Tambayi mai sito yadda suke yin wannan bin sawun. A nan ne yawanci ake yin shiru.

Kayan da za a ɗaura kuma, lambar da ke jikinsa ta dace da ta littafin kayayyaki da ta takardar shaidarsa, EASA Form 1 ko FAA 8130-3. Awon ido ba ya aiki a nan. A 1990 gilashin gaban jirgin British Airways 5390 ya fice a sama saboda cikin ƙusoshi 90 da aka ɗaure shi da su, 84 sun fi ƙa'ida siranta, 6 kuma sun gaza tsawo. An zaɓo su ne da dare ta hanyar kwatanta su da tsofaffin da aka cire.

Abu na ƙarshe, lura da lokacin sa hannu. Kati mai matakai ashirin, duk an sa hannu da biro ɗaya a ƙarshen duti, alama ce ta cewa daga ka aka cike shi.

Malama_Inganci:
Na yarda da Injiniya, amma zan ƙara da cewa ka tsara ziyararka ta faɗo kan canjin duti, musamman na dare zuwa safe. Binciken da aka yi da ƙarfe goma na safe kawai yana ganin hanga cikin kwalliyarta ne. Sashe na 145.A.47 na dokar ya wajabta isar da bayani tsakanin masu sauka da masu hawa. Duba ko a rubuce ake yi, kuma ko ana rubuta abin da aka kwance, ba abin da aka gama kaɗai ba. Jirgin Continental Express 2574 ya faɗi a Texas a 1991, mutum 14 suka rasu, saboda an cire sukurori 47 daga saman goshin fiffiken wutsiya na hagu, masu karɓar duti ba su sani ba, kuma daga ƙasa ba a hango wurin.

Ayyukan da kuskure a cikinsu ke iya kayar da jirgi, kamar haɗa wayoyin sarrafa fukafukai, suna buƙatar dubawa ta biyu daga wanda bai taɓa aikin ba. Ka tambayi mai dubawar me ya duba takamaimai. In ya ce "komai lafiya", sake tambaya. Haka kuma a jirgi mai inji biyu, mutum ɗaya kada ya yi aiki iri ɗaya a duka injinan a ziyara guda ba tare da wani matakin kama kuskure ba, domin hannun da ya manta zoben roba a na dama zai manta shi a na hagu.

Wajen rubuta rahoto, ana raba laifuka gida biyu: abin da ke barazana ga lafiyar tashi kai tsaye mataki na 1 ne, sauran mataki na 2. Rubuta lambar kati, lambar kayan aiki da sashen dokar da aka saɓa. "Ba a kula da kayan aiki yadda ya kamata" ba wanda zai iya gyara shi.

Mai_Sito_Tsoho:
Game da hangar kanta. Haske: ka je ramin ƙafar jirgi da ƙarƙashin fiffike, ba tsakiyar fili ba, ka ga ko za a iya hango tsaga ba tare da tocilar waya ba. Ƙura da iska: in an buɗe inji ko bututun man haidirolik, bakin kowane bututu a rufe shi da murfinsa, ba da tsumma ba. Salatif da aka liƙa a kan ƙofofin awon iska lokacin wanki dole ya zama mai launi da jela, kuma a shigar da shi takarda. Wanda aka manta a jikin jirgin Aeroperú 603 a 1996 ya ci rai 70.

A sito buɗe firij ɗin gam ɗin toshe kafa, ka duba ranar ƙarewa da takardar awon sanyi. Gam mai alamar B-2 awa biyu ake da su bayan an kwaɓa shi. Kayan da suka lalace su kasance a keji mai kwaɗo, nesa da masu kyau. Kayan iskar oksijin kada su haɗu da giris ko mai, ko da a kan benci ne. Buɗe akwatin kayan aikin makanike ɗaya, kowane gurbi da babu komai sai an san inda abin yake.

Shiga tankin mai kuwa, sai an fitar da tururi, an auna shi da na'ura, an auna oksijin, jirgi na haɗe da wayar ƙasa, kuma mutum ɗaya na tsaye a bakin ramin ba ya wani aiki. Murɗa famfon wanke ido da ke kusa da inda ake aiki da man haidirolik na Skydrol ka ga ko ruwa na zuwa.

Sabon_Mai_Bincike:
Allah Ya saka da alheri. Malama, in an ga makanike ya tsallake mataki a gaban ido, a tsayar da shi nan take ko a bari ya gama?

Malama_Inganci:
In matakin ya shafi lafiyar jirgi ko ta mutum, tsayar da shi nan take ta hannun shugaban dutinsa. Sannan ka nemi dalili kafin ka rubuta sunan kowa: sau da yawa za ka tarar katin ne ya nemi kayan aikin da babu shi a hangar, ko an ba aikin awa huɗu lokacin awa biyu.