Zan iya haɗa wa bakin wutata oksijin a gida?

Mai Duwatsu:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Aikina duwatsun wuya ne da ƙananan kayan ado na gilashi, ina narkar da sandar gilashi a wuta ina naɗa ta a jikin siririn ƙarfe. Da farko ƙaramin bakin wuta nake aiki da shi, mai shan gas kaɗai, wanda ke jan iskar ɗaki da kansa. Yanzu na koma mai tiyo biyu, ɗaya na furofen, wato gas mai ci na silinda, ɗaya na oksijin, don ina so in shiga borosiliket, gilashin nan mai tauri da ake yin kwalaben ɗakin gwaji da shi.

Silindar oksijin ce ta gajiyar da ni. Ga nauyi, ga saurin ƙarewa, kuma ba ta tashi ƙarewa sai ina tsakiyar aiki, abin da ke hannuna ya huce ya tsage. Sai na samo injin tace oksijin na hannu, irin wanda ake sa wa marasa lafiya, mai ba da lita 5 a minti. Ga ƙananan duwatsu lafiya lau yake. Amma da na buɗe bawul sosai, 'yar ƙwallon nan ta cikin gejin ta haura 5, sai harshen wutar ya yi laushi ya baje, kuma gilashina mai ruwan shuɗi-kore ya fara fitar da jan zane kamar tsatsa. Borosiliket kuwa in ya ɗan yi kauri ba ya ko motsi.

Ga abin da nake tunani. Akwai kwamfresa a gidan, irin ta fenti da hura taya, da tankinta. In na haɗa tiyon injin da inda kwamfresar ke shaƙar iska, na bar ta ta cika tankin, ba zan sami oksijin mai ƙarfi ba? In wannan ba zai yiwu ba, na ji ana raba ruwa da lantarki a fitar da oksijin. Wanne ya fi?

Ɗan Lantarki:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar kwamfresa na bar wa manya, amma ta ruwa da lantarki ki cire ta daga ranki. Amfiya ɗaya a minti ɗaya ba ta fitar da oksijin da ya wuce kusan mililita 3.5 a kowane ɗakin faranti, wato mazubin ruwa mai farantan ƙarfe biyu da lantarki ke ratsawa. Kafin ki sami lita 5 a minti sai kin tura abin da ya kai amfiya 1,400, ko a ɗaki ɗaya ko a rarraba a ɗakuna da yawa, kowanne yana cin kusan bolt 2. Kin ga an doshi kilowat 3 ke nan, alhali injin da ke gabanki wat 350 ko kusa da haka yake ci ya ba ki wannan litar. Sannan duk lita ɗaya ta oksijin tana zuwa da lita biyu na haidirojin, shi kuwa daga kashi 4 cikin ɗari a iska yake kama wuta. In suka gauraya a tiyo ɗaya, tartsatsi ɗaya ya isa.

Tsohon Mai Walda:

'Yata, don Allah kada ki haɗa wannan kwamfresar. Ko gwaji kada ki yi. Na ga rubutunki na ajiye abin da nake yi don in ba ki amsa kafin wani ya ce miki ba komai.

Kwamfresar fenti galibi da baƙin mai take aiki. Duk lokacin da fistin ya hau ya sauka, ƙurar mai tana bin iska ta shiga tanki, ta kwanta a bangonsa da cikin bawul da cikin tiyo. In kin kwance noti na ƙasan tankin za ki ga ruwan da ke fitowa, ja-ja, mai maiƙo. A iskar da muke shaƙa wannan ba ya komai, domin oksijin ɗinta kashi 21 ne kawai, sauran kusan duka naitirojin ne, kashi 78, shi ke danne wuta. Injinki kuwa yana ba da kashi 90 zuwa 95. A irin wannan iskar, mai da giris ba sa jiran ashana. Matse gas yana kawo zafi, taɓa kan kwamfresa bayan ta yi aiki ki ji. Zafi, da mai, da oksijin mai ƙarfi, a cikin rufaffen ƙarfe: tankin zai iya fashewa kina tsaye kusa da shi. Wanke shi ma ba ya fitar da ke, don mai yana maƙale a cikin tsatsa inda hannu ba ya kai.

Oksijin shi kansa ba ya ci, amma yana sa abin da ke ci ya ci da ƙarfi, abin da ba ya ci ma ya ci. Roba, auduga, gashin kai, har ƙarfe in matsi ya yi yawa. A 1967 'yan sama jannati uku na Apollo 1 sun mutu a Amurka, ko tashi ba su yi ba, a ƙasa suke gwaji, wuta ta kama cikin ɗakin kumbon da aka cika da zallan oksijin. Masu kula da lafiyar ma'aikata suna ɗaukar iskar da oksijin ɗinta ya wuce kashi 23.5 a matsayin haɗari. Dubi tazarar da ke tsakanin 21 da 23.5, sannan ki tuna abin da ke fitowa daga injinki.

To, matsalar wutarki. Injin nan ba ya ƙirƙirar komai, tacewa yake yi. A cikinsa akwai dogayen gwangwanaye biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira ziyolayit. Yana tura iska cikin na farko, ƙwayoyin su riƙe naitirojin, oksijin ya wuce. Kafin su cika sai ya juya zuwa na biyu, na farkon ya furzar da abin da ya riƙe. Wannan shi ne numfashin da kike ji yana saukewa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwayoyin suna da iyaka. In kin ja fiye da lita 5, iska za ta ƙaru a tiyo amma naitirojin ne ke kutsowa, oksijin ɗin ya tsinke. Shi ya sa wutar ke laushi. Furofen mai ci ne ƙwarai, kowace lita ɗaya tana neman lita biyar na oksijin kafin ta ƙone tas. In bai samu ba, sai wutar ta shiga ƙwatar oksijin daga jikin gilashin. Shuɗi-koren nan da tagulla ake rina shi, jan zanen da kika gani tagullar ce ta fito fili. Ki mayar da ƙwallon kan 4.5 ko 5, ki rage furofen har harshen ya tsuke ya yi shuɗi, jan zai daina.

Borosiliket sai an kai digiri 820 a ma'aunin Celsius yake fara laushi, aiki da shi kuwa sai an wuce 1,200. Lita 5 za ta yi miki siraran sanduna da ƙananan abin wuya, ba za ta wuce nan ba. Hanyar da na yarda da ita, ki ƙara inji na biyu. Ki haɗa tiyonsu da mahaɗi mai baki uku, kowane inji da bawul mai hanya ɗaya a bakinsa don kada ɗaya ya tura wa ɗaya. Kin sami lita 10 ke nan, matsin kuma bai wuce na injin ba, wajen rabin ba ɗaya (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), ba abin da aka matse, ba abin da aka tara. Sai dai ki duba irin bakin wutarki. Wanda gas biyun ke haɗuwa a waje, a fuskar bakin, yana jure ƙaramin matsi. Wanda ke gauraya su a ciki ya fi son matsi, kuma shi ne wuta ta fi saurin komawa cikinsa.

Tiyo kuma kada ki ɗauko kowanne. Na oksijin sabo, wanda ba a taɓa bi da mai ko iskar kwamfresa ta cikinsa ba. Na furofen ki nemi mai alamar T, mai alamar R na asitilin ne, gas ɗin walda, furofen yana cinye robarsa. Notin gas mai ci hagu yake ɗauruwa kuma yana da tsaga a jiki, na oksijin dama, an yi haka ne don kada a musanya. Ki wanke hannu kafin ki taɓa kowane mahaɗi, ko man shafawa ne a hannun ya isa.

Mai Kwalaben Gwaji:

Baba, duk abin da kuka faɗa kan kwamfresa mai mai haka yake, ba ni da ja. Amma kada Malama ta tafi da cewa tara oksijin a tanki ba ya yiwuwa sam. Masu manyan bakin wuta da yawa haka suke yi: injuna biyu ko uku, kwamfresa marar mai, sabon tanki, makunnin da ke tsayar da ita in matsi ya kai, da bawul ɗin da ke saki da kansa in makunnin ya ƙi. Ni ma da irinsa nake aiki.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne tanki randa ce, ba rijiya ba. A ce tankin lita 100 ne, kina cika shi zuwa ba 6, kina aiki har ya sauko ba 2. Lita 400 ke nan a hannunki. In bakin wutarki na shan 15 a minti, injuna na ba da 10, giɓin 5 ne, tankin zai riƙe ki minti 80. In inji ɗaya ne mai lita 5, minti 40, kuma sai ki jira minti 80 kafin ya sake cika. Amfaninsa ga mai aikin da ke buɗe wuta sosai na ɗan lokaci ya rage, kamar lokacin haɗa bututu mai kauri.

Kuma marar mai ba ya nufin an yi ta don oksijin. Akwai giris a cikin boris, akwai robobin da ba su dace ba, sabon tanki ma yakan zo da maiƙon masana'anta a ciki. Sai wanda ya san wankin kayan oksijin ya duba, mahaɗai su zama na tagulla, kuma a sa abin hana wuta komawa cikin tiyo a layukan biyu, na furofen da na oksijin. Cika silinda kuwa, wadda ke kai ba 150, wannan wani aiki ne daban, injin da aka ƙera don haka kaɗai ke yinsa. Ga mai duwatsun wuya, ni ma inji na biyu zan ce.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: fankar da ke fitar da iska waje. Wuta mai zafi haka tana haɗa naitirojin da oksijin na iska su zama gas mai ƙona huhu, wasu launukan kuma suna fitar da tururin ƙarfe. In kina tashi daga aiki da ciwon kai ko kaushin maƙogwaro, fankar ba ta isa ba.

Mai Duwatsu:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwamfresa ta zauna inda take. Na mayar da ƙwallon kan 4.5 na rage gas kamar yadda kuka ce, shuɗi-koren ya fito tsaf ba ja ko ɗigo. Malam mai kwalabe, na gode da lissafin, fanka tana nan amma zan matso da bakinta kusa da wutar.

Saura tambaya biyu. Injin da zan iya samu ba kamfaninsu ɗaya da nawa ba, zai haɗu? Kuma in zan ɗan tashi daga teburi, in kashe injin ne ko in rufe bawul ɗin bakin wuta kawai?

Tsohon Mai Walda:

Madalla 'yata. Kamfani ba shi ne abin dubawa ba, matsin da kowanne ke fitarwa shi ne. Yana rubuce a takardar injin ko a bayansa. In ɗaya ya fi ɗaya da nisa, mai ƙarfin zai rufe bawul ɗin mai raunin, ki ga ƙwallonsa ta faɗi ƙasa yana ta ƙara. In sun yi kusa, ki kunna su duka, ki buɗe oksijin a bakin wuta, ki daidaita kowanne har ƙwallayen biyu su tsaya ƙasa da 5 kaɗan. Kafin ki karɓi na hannu ki duba agogon awoyinsa, ki sa a auna miki ƙarfin oksijin ɗinsa yana kan lita 5. In ya gaza kashi 90, ziyolayit ɗin ya sha danshi ko ya tsufa. Danshi ne babban abokin gabarsa, don haka kada ki ajiye shi inda ke da laima, kada ki manna shi da bango, ki riƙa wanke soson tace ƙurarsa, kuma ko ba kya aiki ki riƙa kunna shi lokaci-lokaci.

Tashi na ɗan lokaci ba ya buƙatar kashewa, don in kin kunna sai ya yi minti 10 zuwa 15 kafin oksijin ɗin ya yi ƙarfi. Amma kada ki toshe shi gaba ɗaya, ba ya son haka. Kashe wutar, ki bar bawul ɗin oksijin a ɗan buɗe yana fita ta bakin, fanka tana ja waje, kada ya riƙa hura miki riga. Tufar da ta sha oksijin tana riƙe shi na wani lokaci.

Wajen kunnawa furofen ne farko, ki kunna, sannan ki shigo da oksijin a hankali. Wajen kashewa oksijin ne farko, sannan furofen. Silindar furofen ta zauna a waje, don ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasan ɗaki yake kwanciya. In kin gama aikin yini ki rufe ta daga kanta, ki ƙone ragowar da ke cikin tiyo har gejin ya koma sifili, sannan ki sassauta regileta.