Kilomita 50 a kan ƙanƙara da gudun fanfalaki: wanne ya fi cin rai?

Ɗan Fagge: Ni fa wallahi na gaji da zuzuta Turawan ƙanƙarar nan da ake yi. Jiya a majalisa wani yake ce min wai tseren kilomita 50 na zamiya a kan dusar ƙanƙara ya fi gudun fanfalaki wahala. Haba jama'a! Mutum ya ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, ga sanduna biyu a hannu, ƙanƙara tana jan sa, sannan a haɗa shi da Kipchoge ɗan Kenya da ya taka kilomita 42 da ƙafarsa cikin awa 2 da minti 1 da sakan 9 a Berlin a 2022?

Na Gwale: Ni ne wanin, kuma ina nan kan bakana. Kai matsalarka gangara kawai kake gani a bidiyo. Hanyar nan kashi uku ake tsara ta, ɗaya hawa, ɗaya gangara, ɗaya ƙasa mai ɗan tudu da kwari, kuma a wajen hawan babu abin da ke jan ka mutumina, da hannu da kafaɗa da ciki da cinya duka kake tura kanka sama kana caka sanda, ga iska mai sanyi tana yanka maka ƙirji, kuma tafiyar ta fi daga nan zuwa Wudil. Niskanen ɗan Finland da ya ci gwal a Olamfik na 2018 awa 2 da minti 8 ya yi yana wannan aikin.

Ɗan Fagge: To a gangarar me yake yi? Ba durƙusawa yake yana hutawa ba? Mai fanfalaki ko sakan ɗaya ba shi da shi.

Mai Kemis: Yaya Na Gwale ka yi haƙuri, nan kam Ɗan Fagge ya kama wani abu. Ka dubi Klaebo ɗan Norway a gasar duniya ta Trondheim a 2025. Tsere shida ya shiga cikin ƙasa da sati biyu, ya kwashe gwal shida, kuma na kilomita 50 ɗin shi ne na ƙarshe. Wane mai fanfalaki ne zai iya haka? Manyansu sau biyu ko uku suke fita a shekara, saboda kowane taku a kan kwalta duka ne ga gwiwa da agara da tsoka. Zamiya ba ta dukan gaɓoɓi haka, shi ya sa jiki ke saurin dawowa.

Na Gwale: Saurin warkewa daban, wahala a lokacin da ake cikinta daban. Ka nemi bidiyon Daehlie ɗan Norway a Olamfik na Nagano 1998. Yana tsallake layin ƙarshe na kilomita 50 ya kife da fuska a ƙanƙara, ya daɗe a kwance bai iya tashi ba, kuma wannan fa mutum ne mai gwal 8 na Olamfik ba ɗan koyo ba. Kuma tunda Kenya kuke ji da ita, a gasar nan dai akwai Philip Boit, ɗan tsere ne a ƙasarsu kafin a kai shi Finland ya koyi zamiya. Kilomita 10 kacal, ya zo na ƙarshe. Daehlie da ya ci tseren, tsayawa ya yi yana jiran sa har ya iso ya rungume shi, shi ya sa Boit ya sa wa ɗansa suna Daehlie.

Ɗan Fagge: Hhhhh wannan ai hujjata ce ka kawo. Bawan Allah ya girma bai san ƙanƙara ba, wajen shekara biyu kawai ya yi yana koyo. Iyawa ce ta kā da shi ba ƙarfi ba.

Auta: Yayyena tambaya, wai mu ba mu da kowa a ciki ne?

Mai Kemis: Akwai. Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a wasan a Olamfik na Beijing 2022, amma a Faransa aka haife shi, can ya taso. A gasar ce ma sanyi da iska suka sa dole aka rage tseren kilomita 50 ya koma wajen 30, Bolshunov ɗan Rasha ya ci.

Baffa Ƙofar Mata: Ku yara kuna ta wahala wahala, kun bar inda gizo ke saƙa. Fanfalaki takalmi ne da hanya, yaro a ƙauyen Habasha zai iya tashi ya kā da duniya. Wannan kuwa sai kana da ƙanƙara a ƙofar gida, sai kana da kuɗi. Norway da babbar mota guda suke zuwa, cike da ma'aikata masu shafa wa allunan zamiyar kakin da ya dace da ƙanƙarar ranar, in aka yi kuskuren kaki ko kai waye a baya za ka ƙare. To ƙasa nawa ce ke iya wannan? Cin gasar da mutum kaɗan ke shiga ba ɗaya yake da cin wadda duniya duka ke ciki ba.

Na Gwale: Allah ya ƙara girma Baffa, amma kun sauya mana magana. Wahalar tseren muke, ba yawan masu shiga ba. Kuma cin ma ba sauƙi gare shi ba, a Jamus a 2021 Klaebo ne ya fara tsallake layi a kilomita 50, alƙalai suka soke shi saboda ya matse Bolshunov har sandarsa ta karye, gwal ɗin ya koma hannun Iversen.

Ɗan Fagge: Iversen ɗan ina?

Na Gwale: Norway.

Ɗan Fagge: Baffa kun ji ko.